Idan Kare Ya Sauya Hali Farat Ɗaya, A Bincika Dalili

Masu tarihin baka sun ce garin Dutsin-Ma ya samo sunansa ne daga wani maharbi mai suna Ma, wanda ya zauna a gindin dutsen nan na tsakiyar gari. Ke nan farauta tsohuwar sana'a ce a wannan ƙasa. Inda kuwa ake farauta ba a rasa kare.

Har yau akwai karnuka da yawa a ƙasar Dutsin-Ma da ta Kurfi. Mafarauta suna da nasu. Fulani makiyaya suna ajiye su a ruga don tsaron shanu da tumaki. Masu lambu a bakin madatsar ruwa ta Zobe suna ajiye su don gadi. A 'yan shekarun nan da ɓarayin daji suka addabi jama'a, haushin kare da dare ya sha tayar da mutane daga barci kafin ɓarna ta iso.

Mai kare ya san halin karensa. Ya san lokacin cin abincinsa, da wurin kwanciyarsa, da irin haushinsa. To, amma wata rana sai a wayi gari kare ya zama wani daban. Yana rawar jiki. Yana kai da kawowa, ya kasa zama wuri ɗaya. Ko ya shige ƙarƙashin rumbu ya ƙi fitowa. Ko ya yi wa ubangidansa gurnani, abin da bai taɓa yi ba.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Kare ba ya da bakin faɗin abin da ke damunsa. Da halinsa yake magana. Wani lokaci dalilin ƙarami ne, ƙaya ce kawai a ƙafa. Wani lokaci kuwa dalilin yana iya cin ran mutum. Shi ya sa ya kamata kowane magidanci ya san bambancin.

Dalili na farko: ciwo a jiki

Sau da yawa karen da ya sauya hali ciwo yake ji. Ƙaya ko kwalba ta shige masa tafin ƙafa. Haƙori ya karye. Kunama ta harbe shi, ko maciji ya sare shi a jeji. Ko wani ya jefe shi da dutse ba a gani ba.

Kaska da ƙuma ma suna hana kare sakat. Kaska tana son cikin kunne da tsakanin yatsu. Ban da shan jini, tana sa wa kare zazzaɓi. Sai ya rame, ya daina cin abinci, dasashinsa ya yi fari. Tsutsar ciki da ƙazuwa su ma suna sa kare ya zama mai saurin fushi.

Karen da ke jin ciwo yakan yi ɗingishi, ko ya riƙa lasar wuri guda, ko ya riƙa girgiza kai. Yana iya cizon duk wanda ya taɓa wurin, ko da ubangidansa ne. Ba mugunta ba ce, zafi ne.

Dalili na biyu: tsoro

Kunnen kare ya fi na mutum ji nesa ba kusa ba. Ƙarar da mutum ya ɗauka ba komai ba ce, a wurin kare babban abu ce. Da farkon damina, idan hadari ya haɗo da iska da tsawa, karnuka da yawa sukan ruɗe. Sukan yi haki, su matse wutsiya, su nemi ɓuya. Haka suke yi idan sun ji ƙarar bindiga, ko abin fashewa da yara ke wasa da shi lokacin salla da biki.

Karen da ya taɓa kwana cikin harbe-harbe yakan daɗe bai manta ba. Ƙarar babur da dare ma tana iya sa shi makyarkyata. Haka kuma idan iyali suka yi ƙaura daga ƙauye zuwa gari, ko maigida ya tafi cin rani ya bar shi, kare yakan yi kwanaki yana kuka, ya ƙi abinci.

Alamar tsoro ita ce ana ganin dalilinsa, kuma yana wucewa. Hadari ya lafa, kare ya fito. Ya gane ubangidansa, ya kaɗa wutsiya, ya ci, ya sha. Irin wannan kare ba duka yake bukata ba. Duka ƙara masa tsoro yake yi, mai tsoro kuwa shi ne mai cizo. A bar masa wurin ɓuya mai inuwa, a ajiye masa ruwa, a hana yara tsokanarsa.

Dalili na uku: zafi da ƙishirwa

Kare ba ya gumi kamar mutum. Da haki yake sanyaya jikinsa. A watannin bazara, daga Maris zuwa Mayu, karen da aka ɗaure a rana ba ruwa yana iya jigata. Zai yi ta haki, yawu na zuba, yana tangaɗi. A mayar da shi inuwa, a zuba masa ruwa a jiki, a ba shi ya sha kaɗan-kaɗan.

Dalili na huɗu: al'amarin karya

Karya takan nemi barbara kamar sau 2 a shekara. A wannan lokaci ba ta zama gida, karnuka kuma sukan taru suna faɗa a kanta. Cikinta kwana 63 ne, wato wata 2 da 'yan kwanaki. Idan haihuwa ta matso takan tona rami, ta nemi lungu. Idan ta haihu takan yi zafi ƙwarai. Yaron da ya je ɗaukar kwikwiyo yana iya shan cizo. Wannan ba hauka ba ne, kishin 'ya'ya ne.

Dalili na biyar: guba

Yanzu kusan kowane gida akwai maganin feshi na gona da maganin ɓera. Kare yakan lashi mazubin maganin, ko ya ci mushen ɓeran da guba ta kashe. Guba ta feshi tana nuna kanta da sauri, cikin 'yan sa'o'i. Kare zai yi ta zubar da yawu, da amai, da zawo, jikinsa na karkarwa. A garzaya wurin malamin dabbobi, a tafi da kwalbar maganin in an gan ta. Kada a ba kare maganin mutane, irin su Panadol, domin yana iya yi masa illa.

Dalili na shida: tsufa

Tsohon kare ido da kunne sukan rage masa. Idan aka zo masa ta baya ba zato, sai ya firgita ya kai cizo. Amma wannan a hankali yake zuwa, ba rana ɗaya ba.

Babban dalilin da ake tsoro: haukar kare

Duk waɗannan dalilai suna da sauƙi in an kwatanta su da wannan. Haukar kare ba iskoki ba ne, ba sammu ba ne. Cuta ce. Wata ƙwayar cuta ce ƙarama ƙwarai ke kawo ta, wadda ido ba ya gani. Tana zama a cikin yawun dabbar da ta kamu. Idan mahaukacin kare ya ciji wani kare, ko akuya, ko saniya, ko jaki, ko mutum, ƙwayar takan shiga ta raunin. Yakushi ma yana iya shigar da ita, haka nan lasar gyambo ko sabon rauni.

Daga raunin sai ƙwayar ta bi jijiya, a hankali, tana tafiya har ta kai ƙwaƙwalwa. Wannan tafiya tana ɗaukar lokaci. A jikin kare takan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. A jikin mutum galibi wata 2 zuwa 3 ne, amma tana iya bayyana cikin mako 1, tana kuma iya kaiwa shekara. Cizo a fuska, ko wuya, ko hannu ya fi haɗari, domin hanyar zuwa ƙwaƙwalwa gajeruwa ce.

Nan ne mutane suke ruɗuwa. Rauni ya warke, an manta da zancen. Bayan wata 2 sai ciwo ya tashi. Idan kuwa alamu suka bayyana, magana ta ƙare. Kusan duk wanda ya kai wannan matsayi, mutum ko dabba, ba ya tashi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukar kare tana kashe mutane kimanin 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya. Kusan 99 cikin 100 daga kare suka samu. Kimanin 40 cikin 100 na masu mutuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yaro ne ke wasa da kare. Yaro ne kuma ke ɓoye cizo don tsoron faɗan iyaye.

Yadda haukar take bayyana

Alamar farko ita ce sauyin hali. Kare mai fara'a ya koma mai ɓuya a duhu. Kare mai faɗa ya koma mai lasar mutane. Yakan yi ta lasa ko cizon wurin da aka taɓa cizonsa. Bayan kwana 2 ko 3 sai cutar ta ɗauki ɗaya daga cikin hanyoyi biyu.

Hanya ta farko ita ce haukar faɗa. Kare yakan bar gida ya yi ta yawo ba manufa. Yana cizon duk abin da ya gani, itace, ƙarfe, dabba, mutum. Yana cin ƙasa da tsumma da duwatsu. Yana kai wa iska cafka kamar mai kama ƙuda. Muryarsa takan sauya, ta dishe. Ba ya tsoron sanda, ba ya gane ubangidansa.

Hanya ta biyu ita ce haukar shiru. Wannan ta fi yaudara. Kare ba ya faɗa. Haɓarsa takan saki, baki ya zauna a buɗe, yawu na dalala. Ba ya iya haɗiya. Ƙafafun baya sukan shanye. Sai maigida ya ce, "Ƙashi ne ya maƙale masa a wuya." Ya sa hannu cikin bakin don ya ciro. Ta nan mutane da dama suka ɗauki cutar. Kada a sa hannu a bakin karen da ke dalalar da yawu, ko da kuwa kwikwiyo ne.

Akwai masu cewa mahaukacin kare yana tsoron ruwa. Sai su ajiye masa ruwa, in ya nufi kwanon su ce lafiyarsa ƙalau. Wannan gwaji ba shi da amfani. Tsoron ruwa a jikin mutum yake bayyana. Kare mai hauka yana iya zuwa wurin ruwa, sai dai haɗiya ta gagare shi.

Babban bambanci shi ne wannan. Tsoro yana raguwa. Hauka kuwa kullum gaba take yi. Yau ta fi jiya, gobe ta fi yau. Karen da alamun suka bayyana gare shi ba ya wuce kwana 10 a raye.

Abin da mai kare zai yi

A ɗauki misali. A ce wani manomi a wajen Birchi ko Karofi ya tashi da safe ya ga karensa ya ƙi tuwo, yana ɓuya, yana gurnani. Ga abin da ya kamata ya yi.

1. Ya janye yara da dabbobi daga wurin nan take.
2. Ya kulle karen a kango ko ɗakin da ba kowa, ko ya ɗaure shi da sarƙa, in zai yiwu ba tare da haɗari ba. Igiya ba ta isa ba, domin zai iya tsinka ta da haƙori.
3. Ya tura masa ruwa da abinci da doguwar sanda.
4. Ya yi tunani. An yi tsawa ko harbi daren jiya? An yi feshi? Wani baƙon kare ya cije shi a makonnin baya? An taɓa yi masa allura?
5. Ya tambayi mutanen gida, musamman yara, cikin lalama, ko karen ya ciji wani ko ya yakushe shi.
6. Ya sanar da mai unguwa, ya kuma nemi malamin dabbobi na ƙaramar hukuma.

Kada ya sayar da karen. Kada ya ba da shi kyauta. Kada ya kai shi jeji ya sake shi. Wanda ya yi haka ya tura wa wani ƙauye masifa ne.

Idan kuwa baƙon kare ne ya shigo gari yana cizon jama'a, dole a kawar da shi. Amma kada a farfasa kansa, kada kuma a taɓa gawar da hannu tsirara. Da ƙwaƙwalwar ake gwadawa a tabbatar da cutar. Ma'aikatan dabbobi sun san yadda ake aika kan zuwa wurin gwaji, kamar Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda aka kafa tun 1924. Sauran gawar a binne ta da zurfi.

Idan kare ya ciji mutum

Mataki na farko a gida yake, kuma ba ya cin ko kwabo. A wanke raunin da sabulu da ruwa mai yawa har tsawon minti 15. Wani ya riƙa zuba ruwa da buta, wani yana wankewa. Buta ɗaya ba ta isa ba. Wannan wanki yana fitar da ƙwayoyin cutar da yawa. Bayan nan a shafa aidin in akwai.

Kada a sa barkono, ko toka, ko ƙasa, ko kashin shanu. Kada a ƙona gashin karen a shafa. Waɗannan ba sa kashe ƙwayar cutar, sai dai su ɓata raunin su kuma ɓata lokaci. Kada a ɗinke raunin a gida, kada a ɗaure shi tam.

Mataki na biyu, a tafi asibiti a ranar. Akwai babban asibiti a Dutsin-Ma, akwai a Kurfi. In ba a sami allurar a kusa ba, a nemi ma'aikata su faɗi inda za a same ta, ko da za a kai birnin Katsina ne. A faɗa wa likita gaskiya: wane kare ne, yaushe ya yi cizon, kuma yaya halinsa yake.

Allurar ba guda ɗaya ba ce. Ana yin ta ne a ranaku daban-daban, ma'aikacin lafiya zai rubuta ranakun a kati. Dole a cika su duka. Idan raunin mai zurfi ne, ko a fuska yake, akwai wata allura ta musamman da ake yi a bakin raunin. Mace mai ciki da jariri duk ana yi musu, ba ta da illa gare su. Allurar da aka fara da wuri, aka kuma cika ta, tana hana cutar kusan kowane lokaci.

Karen da ya yi cizon, in an san shi, a tsare shi kwana 10 ana lura. In ya cika kwana 10 da lafiyarsa, to ba ya ɗauke da cutar a yawunsa ranar da ya yi cizon. Amma kada a zauna jiran kwana 10 kafin a je asibiti. A fara allura tukuna. Likita ne zai ce a tsaya ko a ci gaba.

Gaskiya ne allurar tana da tsada ga talaka. Amma a sayar da akuya a ceci yaro ya fi a yi da-na-sani. Akuya ana sake samun wata.

Dabbobin gida ma suna kamuwa

Saniyar da mahaukacin kare ya ciza takan yi ta kuka da wata irin murya, yawu na zuba, ta daina cin ciyawa. Jaki yakan ciji kansa. Makiyayi kada ya sa hannu a bakin irin wannan dabba. Kada a yanka ta a ci, kada a kai ta kasuwa. A keɓe ta, a kira malamin dabbobi. Haka nan karen gida da mahaukacin kare ya ciza, malamin dabbobi ne zai faɗi abin da za a yi da shi.

Rigakafi ya fi magani

Wani masani ɗan ƙasar Faransa mai suna Louis Pasteur ne ya fara gano allurar wannan cuta. A shekarar 1885 ya yi ta ga wani yaro ɗan shekara 9 da mahaukacin kare ya yi wa raunuka, yaron kuwa ya rayu. Don tunawa da shi, tun daga 2007 aka keɓe ranar 28 ga watan Satumba ta kowace shekara ta zama ranar yaƙi da haukar kare a duniya. Ƙasashen duniya sun sa wa kansu burin kawo ƙarshen mutuwar mutane daga wannan cuta nan da shekarar 2030.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a yi wa karen allura, ba a jira sai ya ciji mutum ba. Ana fara yi wa kwikwiyo yana ɗan wata 3, sannan a maimaita kowace shekara. Kuɗinta bai kama ƙafar kuɗin allurar mutum ba. A karɓi takardar shaida a adana ta. Masana sun tabbatar cewa idan aka yi wa karnuka 70 cikin 100 na wani yanki allura, cutar takan rasa hanyar yaɗuwa.

Wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne. Sarkin mafarauta zai iya tara yaransa da karnukansu kafin a fara farautar rani. Arɗo zai iya tara na ruga ranar da aka zo yi wa shanu allura. Dagatai da masu unguwanni za su iya neman ma'aikatan dabbobi su sa wa ƙauye rana guda.

Iyaye kuma su koya wa yara abu huɗu. Kada su jefi kare. Kada su taɓa kare yana cin abinci, ko yana barci, ko karya tana shayarwa. Idan baƙon kare ya nufo su, su tsaya cik, kada su ruga. Idan kare ya cije su ko ya yakushe su, su faɗa nan da nan, ba wanda zai dake su.

Karen da ya kwana yana gadin gida da garke yana da hakki a kan mai shi: abinci, ruwa, inuwa da allura. Idan ya sauya hali, kada a yi saurin ɗaukar sanda, kada kuma a yi sakaci. A keɓe shi, a lura, a kira masana. Allah Ya kiyaye.